Mai Neman Barin Giya A Lalala, Ina Zai Dosa?

Yau ba maganar farashin shanu ko kuɗin kan iyaka na zo da ita ba. Magana ce da kowa ya sani a Lalala, amma in an taɓo ta a majalisa sai a yi tsit.

Akwai 'yan uwanmu da giya ta kama. Mutum ya ɗoro shanu daga Ngaundare, ya sha wuyar Kye-Ossi, ya ratsa Bitam da Oyem, ya iso Libreville a gajiye. An sayar, kuɗi sun shigo aljihu, iyali na can nesa, ga mashaya a kowane lungu, ga Régab mai sanyi, ga bammi. Wanda ba zai yarda a gan shi kusa da kwalba a garinsu ba, a nan sai ya ce wa zai gan ni? Na san wani yaro mai amana da ya yi shekaru yana rako wa maigidansa shanu. Sannu a hankali lissafi ya fara zuwa da giɓi, har ranar da kuɗin bijimai biyu suka salwanta. Aka yi masa wa'azi, aka kunyata shi gaban jama'a, ya rantse da Alƙur'ani. Bai yi wata guda ba ya koma.

Ni a ganina kuskurenmu shi ne mun ɗauka rantsuwa magani ce. Haramcin giya babu mai ja da shi, shi kansa mashayin ya fi mu sani. Abin da ya rasa shi ne wanda zai faɗa wa gaskiya ba tare da labarin ya riga shi isa kara ba. Kuma malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa saboda sha.

To, ina ake zuwa? A 1935 wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka haɗu a garin Akron na Amurka, suka gane cewa in mashayi ya zauna da ɗan uwansa mai neman bari, su duka biyun suna samun ƙarfi. Daga nan ƙungiyar AA ta samo asali, wadda masu Faransanci ke kira Alcooliques Anonymes, kuma sunan da za ka tambaya ke nan a ƙasashen sefa. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mahaifi, sharaɗi ɗaya ne, kana son ka daina. Abin da aka faɗa a ɗaki, a ɗakin yake tsayawa. Ba a ce ka yi alkawarin shekara, ta yau kawai za ka riƙe. Akwai kuma Croix-Bleue da aka kafa a Janeba a 1877, ta Kiristoci ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da waɗannan ba, ya sani Musulmi a Baltimore sun kafa tasu a 1989, Millati Islami, bisa irin wannan tsari.

Wanda ke Libreville ya fara da likita. Asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Melen na nan, kuma zuwa can ba ya nufin ka haukace, duk da abin da mutanenmu ke cewa. A tambayi likita ko ma'aikacin jinya ina masu irin wannan zama suke haɗuwa. Dalili na biyu ya fi girma: wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke lokaci guda, cikin kwana biyu zuwa uku zai iya kamuwa da karkarwa, farfaɗiya da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Don Allah kada a kulle irin wannan a ɗaki da sunan taimako. Tun 2020 kuma zaman ya yawaita ta waya, da Faransanci da Turanci, wanda ya dace da mu da rabin rayuwarmu a kan tirela take.

Amma fa yawancin yaranmu Hausa da Fillanci suke ji, Faransancinsu na ciniki ne, ba na buɗe ciki ba. Shi ya sa nake ganin mu kafa namu. A tsarin AA, mutum biyu ko uku masu neman bari sun isa su zama ƙungiya. Abin da nake roƙon shugabanninmu shi ne ɗaki ɗaya a Lalala, nesa da idon majalisa, da tabarma da butar shayi, dare ɗaya a mako bayan isha'i. Su biya haya su janye. Kada shugaba ya leƙa, kada a rubuta suna, kada fatoma ya aika yaro ya gano masa wa ya shiga. Ranar da aka fara hana mutum shanu don an gan shi a bakin ƙofar, ɗakin ya mutu.

Wani zai ce ai tona wa kanmu asiri ne a ƙasar mutane. Masu mashayar sun riga sun san yaranmu da sunayensu, har bashi suke ba su. Ni dai na ɗauki nauyin hayar watan farko, kuma zan kawo maganar a taronmu mai zuwa.