Shawara ga Magidanta: In Mota Ta Yi Zafi a Hanya

A wannan wata za mu yi magana a kan tsohuwar mota da zafin bazara, gama mun ga abin da ya sa ba za mu yi shiru ba.

Kwanan baya mun taso daga Sakkwato za mu Illela cikin wata tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, inda kamfanin ya buɗe a 1975. Mun wuce Kware, mun wuce Gwadabawa, sai tururi ya fara fita ta ƙarƙashin bonet. Direba ya tsaya. Kafin a ce kwabo, yaron mota ya sa hannu ya buɗe murfin lagireto. Ruwan zafi ya yi tsiri, ya sale masa hannu har gwiwa. Yaron nan bai kai shekara 16 ba.

Me ya sa haka? Ruwa yakan tafasa a awo 100. Amma murfin lagireto yana matse shi, har yakan kai wajen awo 120 bai tafasa ba. Da an buɗe murfin, sai ruwan ya tafasa gaba ɗaya, ya yi sama. Saboda haka in allurar zafi ta kai ja, a ratse, a kashe inji, a ɗaga bonet, a jira akalla rabin sa'a. Sa'an nan a rufa tsumma mai kauri a kan murfin, a murɗa shi kaɗan kaɗan. Kada kuwa a sheƙa ruwan sanyi cikin inji mai zafi, domin ƙarfe yana iya tsagewa. In ya huce, a tashe shi, a zuba ruwa a hankali.

Bayan wannan sai a nemi dalili. Da fari a leƙa ƙarƙashin mota. In ruwa na ɗiga, a bi tiyo na sama da na ƙasa da yatsa, a duba gindin lagireto da famfon ruwa. Na biyu, a danna fambel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da kaurin yatsa, ya saki, kuma fambel da ya saki ba ya juya famfon ruwa yadda ya kamata. Na uku, a dubi fuskar lagireto. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari sukan toshe ramukanta, iska ta kasa ratsawa. Na huɗu, a duba robar murfin. Murfin da ya mutu yakan sa mota mai lafiya ta tafasa, ga shi kuwa ba shi da tsada.

Lokacin da zafin ke tashi ma yana ba da labari. Motar da ke lafiya a kan gudu, amma ta yi zafi in ta tsaya a layin iyaka ana jiran tsallakawa Ƙonni, yawanci fanka ce ba ta aiki. Wadda kuwa ke zafi in an taka ta a buɗaɗɗiyar hanya, a zargi lagireto da ta toshe daga ciki, ko famfon ruwa da ya gaji. Ruwan rijiya yakan bar farin gamɓo a ciki kamar na tsohuwar buta, shi ya sa ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan ya fi. Akwai kuma ɗan ƙyauren nan da makanikai ke kira tamostat, mai buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama. In ya maƙale a rufe, sai tiyon sama ya zauna ba zafi alhali inji na ci. Da yawa sukan cire shi su yar. Mu dai shawararmu a sa sabo.

Alama mafi muni ita ce wannan: baƙin mai ya koma fari kamar an dama shi da nono, ko kumfa na ta ɓullowa a bakin lagireto, ko farin hayaƙi na fita ta salansa. Wannan gasket ne ya ƙone. Kada a ci gaba da tafiya, a nemi makanike. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya isa gida yakan sayi inji sukutum.

A ƙasarmu zafin Afrilu da Mayu yakan wuce awo 40. Maigida, kafin ka ɗebi iyali, duba ruwa da mai tun da safe inji na sanyi, ka aje jarkar ruwa da fambel na ajiya a but. Ka kuma koya wa yaranka kada su taɓa murfin nan. In ƙuna ta auku, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ba manja, ba man goge baki, sa'an nan a tafi asibiti.

Motarmu fambel ne ya tsinke, an sa wani mun isa Illela kafin magariba. Hannun yaron kuwa zai ɗauki makonni. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.