Jamus ta adana gumakan zamanin Hitler, mu kuma namu na sulalewa a jaka

Idan gobe wani manomi a Dosara, ko mai haƙar zinare a dajin Maradun, ya tono kan mutum na yumɓu daga ƙasa, ɗayan biyu ne zai faru. Ko ya yi a'uziyya ya rotse shi da fartanya, ko wani baƙo ya ba shi kuɗin buhun gero ya jefa a jaka. Ni a wurina duk asara ce, kuma labarin wani Bajamushe ne ya ƙara tabbatar mini da haka.

Sunansa Arno Breker. An haife shi a 1900, ya mutu a 1991, kuma shi ne mai sassaƙa mutum-mutumin da Hitler ya fi ji da shi. Da Hitler ya shiga Paris a watan Yunin 1940 bayan Faransa ta faɗi, Breker na gefensa a hoto. Shi ya ƙera ƙarti biyu na tagulla da aka girke a ƙofar fadar Hitler a Berlin. Bayan yaƙi, a 1948, aka yanke cewa ɗan bi-yarima ne kawai, aka ci shi tarar mark 100, ya koma sana'arsa. Har siffar Anwar Sadat na Masar ya yi daga baya.

Har yau ƙananan ayyukansa na fitowa a gidajen gwanjo, ana tayawa ana saye, Jamusawa kuma na ta cacar baki: wasu na ganin gwani ne da zamani ya ɓata, wasu na cewa kowane tayi wanke masa suna ne. Ba zan shiga rigimarsu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda hukuma ta yi. A 2015 'yan sanda suka gano manyan sassaƙe-sassaƙen zamanin Nazi da aka ɓoye, har da dawakai biyu na tagulla na Josef Thorak, abokin sana'ar Breker. Ba a narke su ba, ba a kuma bar wa 'yan kasuwa ba. Gwamnati ta karɓe dawakan, yanzu ana nuna su a tsohuwar ganuwar Spandau da bayani a gefe. Mutanen da suka fi kowa jin kunyar wannan tarihi sun riƙe shi a matsayin shaida.

Mu dawo gida. A shekarun 1990 aka yi ta haƙe siffofin yumɓu a arewa maso yamma, ciki har da kewayen dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Dillalan Turai suka raɗa wa wasu "Sokoto", wasu "Katsina". Kada a manta Zamfara na cikin jihar Sakkwato har 1996. Masana na ƙiyasta shekarunsu a kusan 2000. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fita da irinsu ba izini, amma suka fita, suka cika shagunan Brussels da Paris. Wanda ya sha rana a rami ya samu na cefane, wanda ya sa su a gilashi ya samu na gina gida.

Babbar asarar ma ba ta kuɗi ba ce. Breker an san sunansa, malamansa, laifinsa. Namu magina ko sunan ƙabilarsu ba wanda zai iya rantsewa a kai, domin mai haƙa da dare ba ya lura da gawayi, ɓaraguzan tukwane da zurfin ƙasa, waɗanda da su masana ke gane su wane ne suka zauna a wurin kuma yaushe. Da zarar an ciro siffar, an yage shafin.

Na san abin da wasu za su ce: gumaka ne, me Musulmi zai yi da su? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ajiye abu a gidan tarihi daban, bauta masa daban. Masar ƙasar Azhar ce, ga siffofin Fir'aunoni da gawarwakinsu a gidajen tarihinta, alhazanmu ma na leƙawa idan sun biya ta Alƙahira, suna fitowa da wa'azi a zuci. Wasu kuma za su ce ana fama da 'yan bindiga, manomi bai iya zuwa gona, wa ke ta tsohon yumɓu? Gaskiya ne. Amma dajin da babu hukuma shi ne wanda mai haƙa ya fi sakewa a ciki.

Ga kuma wani zance da ke da wa'adi. A watan Afrilun 2000 shugaba Jacques Chirac ya buɗe wani sashe a gidan tarihi na Louvre, aka baje siffofi uku daga Najeriya, biyu na Nok, ɗaya na "Sokoto", waɗanda aka saya a hannun wani dillali a Brussels. Ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta yi tir. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Lissafi ya kai mu 2027.

Mutanen Benin sun yi ta bibiya har ministar harkokin wajen Jamus ta wancan lokaci, Annalena Baerbock, ta kawo kashin farko na kayansu Abuja a Disambar 2022. Sarakunanmu na Mafara, Bakura, Maradun da Kwatarkwashi, da ɗan majalisar da ke wakiltar Bakura da Maradun a Abuja, suna da bakin da za su tambayi hukumar gidajen tarihi ko za a sabunta aron, da kuma inda aka haƙo waccan siffa ta ukun. Kafin nan, mai unguwa ya san lambar da zai kira idan manomi ya kawo masa kan yumɓu a cikin buhu.