Aji A Saman Bene

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga idan ban faɗe ta ba to ba zan samu sukuni ba.

Ina da wata ƙanwa, 'yar baffana ce, a nan garinmu Gozaki ta ƙaramar hukumar Ƙafur aka haife ta a 2003. Ba ta cika shekara uku ba cutar shan-inna ta shanye mata ƙafafu biyu. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna irin taƙaddamar da aka yi a Arewa kan allurar rigakafi a 2003 da 2004, zai kuma tuna cewa a 2006 kaɗai yara sama da dubu ɗaya cutar ta kama a Nijeriya. A watan Agustan 2020 aka yi shelar cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka, aka yi murna, aka tafa. Abin da ba a tsaya an tambaya ba shi ne, ina waɗancan yaran suke? To sun girma. Su ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai na yau, wato daidai shekarun shiga kwaleji.

Ita wannan yarinya Allah Ya ba ta kai. Da kekenta na guragu ta gama firamare da sakandare, damina da rani, ko da taɓo ya riƙe tayoyin sai ƙannenta sun turo ta. Maƙwabta sun sha ce wa baffa ya bar wahalar da kansa, wai me gurguwa za ta yi da boko. Shi kuwa a 2023 ya sayar da buhunan masararsa ya biya mata kuɗin wata kwalejin horon malamai, inda ta samu gurbin karanta Hausa. Ni na raka ta rajista, kuma ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin abin da na gani a can ba ita kaɗai ke da shi ba.

Ofishin biyan kuɗi a saman bene yake. Wannan mai sauƙi ne, ni na hau na yi mata. Amma da aka fara karatu sai ga shi ɗakin da ake ba su darasi uku a mako shi ma a sama yake, matakala ashirin da biyu, ita ta ƙirga mini su. Ranar da ƙawayenta ke kusa sai biyu su ɗauke ta, ɗaya ta bi su da jaka. Ranar da ba su nan sai ta bar keken a ƙasa, ta sa silifa a hannuwa, ta rarrafa a gaban samari da 'yan mata, hijabinta na sharar ƙura. Budurwa fa, mai kunya kamar kowace budurwa. Abin da ya fi ƙona mini rai ma sai daga baya ta faɗa wa matata: ashe tun asuba take daina shan ruwa, har a watan Afrilu da zafin nan namu, saboda ƙofar ban-ɗakin ba ta ɗaukar keke, ƙasan kuma ba wurin da mutum zai dafa da hannu ba ne.

Na je na samu wani jami'i na roƙe shi a sauko da ajin ƙasa. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce Allah Ya ba ta lafiya, sannan ya ce ai jadawali ya riga ya fita. Shi ke nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ko suka sani suka yi biris, shi ne akwai doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wariya ga naƙasassu. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko makaho zai iya shiga, ta tanadi tarar Naira miliyan ɗaya ga hukuma ko kamfanin da ya nuna wariya, ta kuma ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa hukuma ta ƙasa domin kula da al'amuransu. Wa'adin nan ya cika tun Janairun 2024, ƙanwata na tsakiyar shekararta ta farko. Ina tambaya, ta yaya za a cike kashi biyar ɗin nan na aiki idan ba a bar su sun kai ga takardar shaidar ba?

Yanzu kuma an daina cewa gurgu da makaho da bebe, sai dai “masu buƙata ta musamman”. Ban ƙi ba, suna mai daɗi ne. Amma matakalar nan ba ta san an sauya suna ba.

Kada a ce ba a taɓuka komai ba. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, har da Kano. Akwai sashen ilimin naƙasassu a Jami'ar Bayero, akwai kuma kwalejin tarayya guda a garin Oyo da aka keɓe domin wannan fanni. A nan jiharmu muna da makarantar makafi a Katsina, da ta kurame a nan maƙwabtanmu Malumfashi. To amma yaron da ya gama Malumfashi ya shiga kwaleji, ya zauna a aji malami na ta zuba babu mai fassara masa da maganar hannu, me ya je yi? An buɗe masa ƙofar zaure ne kawai aka kulle ta cikin gida. Ba kuma kowane manomi ne zai iya tura ɗansa kurma har Oyo ba.

Mu da muke son adabi ya kamata abin ya fi damun mu. A ajin su ƙanwata ana nazarin Waƙar Imfiraji ta Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Muna alfahari da shi, muna rubuta kundi a kansa. Amma da yau Namangi zai zo a matsayin ɗalibi, takarda za a miƙa masa a ce ya je ya karanta kafin jarrabawa. Alhali kuwa da malami zai tura darasinsa ta waya, ko ya yarda a naɗi muryarsa, da an gama magana ba tare da an kashe ko sisi ba. Sai dai wasu malaman ba sa so, don kada cinikin takardun da suke sayarwa ya faɗi. Wannan kuma magana ce ta wata rana.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce babu kuɗi, kuma wai su nawa ne ma? Ni dai a ganina ba su da yawa ne saboda labari ya riga ya kai ƙauye cewa wurin ba nasu ba ne. Batun kuɗi kuwa, ba na cewa a sa na'urar hawa bene a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Sauko da aji ƙasa alƙalami kawai yake buƙata. Faɗaɗa ƙofar ban-ɗaki guda da kafa ƙarfen dafawa bai kai kuɗin fentin da ake shafawa idan masu tantance kwasa-kwasai za su zo ba. Su kansu masu tantancewar, da asusun TETFund da ke gina sabbin azuzuwa, da za su ce ba za su sa hannu ba sai sun ga mai keke ya shiga da kansa, da tuni an gyara. Na ce ya shiga da kansa, domin na ga irin gangaren da 'yan kwangila ke mannawa a gefen gini don a ce an yi. Ƙa'ida ita ce duk hawan taƙi ɗaya a ba shi shimfiɗar taƙi goma sha biyu, amma wani gangaren ko mai ƙafa biyu sai ya yi bismillah kafin ya taka.

A zango na biyu wata malama, Allah Ya saka mata da alheri, ta ga yarinyar tana rarrafe, ta tsaya ta tambaya. Kafin la'asar ta yi magana da wani abokin aikinta sun yi musayar ɗaki, ajin ya dawo ƙasa. Abin da aka ce mini ba ya yiwuwa, wuni ɗaya bai ci ba. Sai dai alheri ne na mutum ɗaya, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Malamar ta tafi ƙaro karatu, ƙanwata kuma ta shiga shekarar ƙarshe. Shekaranjiya ta bugo mini waya ta ce sabon jadawali ya fita, darasi biyu an sake mayar da su sama. Ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan shiga motar Malumfashi da sassafe, wannan karon da kwafin dokar a aljihuna.