Kun Ɗinka Raga, Kun Ɗinke Baki

Da ku nake, likitocin gyaran jiki na Amurka da Turai, da ku kamfanonin da ke saƙa ragar da ake ɗinkawa a cikin ƙirjin mata. Akwai magana guda ɗaya da ta kamata kowace mace ta ji kafin a sa ta barci a ɗakin tiyata, kuma faɗinta ba ya cin minti ɗaya. A ranar 9 ga Nuwamba, 2023, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta rubuta wa ma'aikatan lafiya wasiƙa, ta ce babu wata raga da ta amince a yi aikin mama da ita, kuma ba ta tabbatar da amincinta ko amfaninta a wannan wuri ba. Ta ambaci Phasix da GalaFLEX, kayan kamfanin BD, da sunansu. Duk likitan da ya san wannan, ya miƙa wa mace biro ta sa hannu ba tare da ya gaya mata ba, ya ci amanarta. Ba ni da wani suna mai laushi da zan kira abin.

Mata iri biyu ne suke zuwa gabanku. Akwai wadda sankarar mama ta sa aka yanke mata nono, tana so a sake gina mata shi da jakar silikon don ta iya duban madubi. Akwai kuma wadda shayarwa ko shekaru suka kwantar mata da mama, tana so a ɗaga. Ku kan shimfiɗa ragar kamar majanyi ta tallafe jakar, ku ɗinke ta da tsokar ƙirji. Wata ragar daga fatar mamaci ake yin ta bayan an wanke ƙwayoyin halittarta, kamar AlloDerm. Strattice daga fatar alade take, SurgiMend daga ta saniya. GalaFLEX kuwa ta zaren roba ce mai narkewa a jiki cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Masu talla sun raɗa mata suna mai daɗin ji: rigar mama ta ciki. Ƙarya ta fara daga nan. Riga ana tuɓe ta da dare. Wannan kuwa nama ke bin ramukanta ya saƙe da ita, ranar da za a raba su sai da wuƙa.

Ku dubi abin da ke faruwa idan aikin ya ɓaci. Mako biyu ko uku da sallama, mace ta tashi ta ga maman ya yi ja, ya ɗau zafi, fatar tana sheƙi saboda kumburi. Da yamma zazzaɓi ya rufe ta. Ruwa ya taru a tsakanin raga da jaka, bakin ɗinkin ya fara tsatsafo da mugunya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya a bisa fatar kowa sun samu baƙon abu marar jini sun manne masa, sun lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. A ba ta ƙwayoyi, a koma allura ta jijiya, abin ya lafa ya dawo. Daga ƙarshe a mayar da ita ɗakin tiyata a fitar da jakar, a kankare ragar. Matar da ta shiga don a mayar mata da abin da sankara ta ɗauke ta fito ƙirji a shafe karo na biyu, ga ƙarin tabo. In kuwa tana jiran fara gashin sankara ko allurarta, ciwon zai iya ja mata jinkiri, ita kuwa sankara ba ta jiran kowa.

Kada ku ce ba ku sani ba. A Birtaniya an bi mata 2,108 da aka gina wa mama da jaka a asibitoci 81, yawancinsu da raga, aka buga sakamakon a 2019. Cikin wata uku kacal, ɗaya cikin huɗu sai da aka yi mata maganin ƙwayoyin cuta, kashi 18 cikin ɗari aka mayar da su tiyata, kashi 9 kuma suka rasa jakar gaba ɗaya. Zan yi muku adalci: wannan bincike bai nuna cewa masu raga sun fi marasa raga shan wahala ba, kuma mata da yawa sun warke lafiya suna farin ciki da aikin. Shan sigari da ƙiba da gashin da aka yi wa fata duk suna da nasu hannu. Amma ragogin ma ba ɗaya suke ba. A watan Maris na 2021, FDA ta yi gargaɗi cewa matan da aka sa wa FlexHD da AlloMax sun fi yawan kamuwa da ciwo da komawa tiyata da cire jaka cikin shekara biyu, idan aka gwada su da waɗanda aka sa wa AlloDerm ko SurgiMend ko waɗanda ba a sa wa komai ba. A 2023 kuma kamfanin Integra ya janye SurgiMend ɗin kanta daga kasuwa saboda matsalar gwajin gubar ƙwayoyin cuta a masana'antarsa ta Boston. Mace nawa kuka zauna kuka karanta wa wannan?

Na san mafakarku. Dokar Amurka ta bar likita ya yi amfani da kaya a inda ba a rubuta a kwalinsa ba, idan ya ga maslaha. Gaskiya ne. Amma dokar ba ta yarda kamfani ya yi tallar wannan amfanin ba, kuma ba ta ɗauke wa likita nauyin bayani ba. Yawancin ragogin roba sun shigo kasuwa ne ta wata ƙofa da dokar 1976 ta buɗe: ka nuna kayanka sun yi kama da wani da ake sayarwa, a ba ka izini, sau da yawa ba tare da gwaji a jikin mutane ba. Izinin na ƙarfafa nama mai rauni ne, irin na ciwon kaba da makamantansa. Mama kuwa wuri ne da ake ɗaukar hotonsa shekara-shekara ana neman sankara, wuri ne da ake gasawa, wuri ne da jariri ke tsotsa. Kamanni ba hujja ba ce.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kun taɓa ganin wannan wuta. Ragar da aka riƙa sa wa mata ta gaba don tallafe mafitsara da mahaifa ta jawo ƙararraki fiye da 100,000 a Amurka. Ingila ta dakatar da ita a 2018, FDA ta hana sayar da nau'in da ake gyara zazzagowar gaba da shi a 2019, kuma rahoton Baroness Cumberlege na 2020 a Birtaniya ya nuna yadda aka yi shekaru ana watsi da koken matan. A 2024 kamfanin BD ya amince ya sasanta ƙararraki kusan 38,000 kan ragar kaba. Gemun ɗan'uwanku ya kama da wuta a gabanku, ba ku shafa wa naku ruwa ba.

Yanzu ga matan ragar mama sun fara hawa matakalar kotu, suna zargin an tallata kayan don aikin da ba a amince da shi ba, kuma ba a gargaɗe su ba. Zargi ne, alƙali ne zai raba gardama, kuma kowace sai ta nuna ragar ce ta cuce ta, ba hannun likita ko yanayin jikinta ba. Ku ma lauyoyin da ke farautar su a talabijin da intanet, kuna yankar kusan sulusin diyya ko fiye, ku rage zuzutawa: kada ku firgita macen da ta warke lafiya ta je a farke ta a banza. Shari'a haƙƙinsu ce, amma ihu ne bayan hari. Babu diyyar da ke tsiro da nono.

Ke kuma 'yar'uwa, ko a Landan za a yi miki aikin, ko a Alƙahira ko Indiya inda mutanenmu ke zuwa neman magani, kada kunya ta rufe miki baki. Tambayi likita: za ka sa raga? Mene ne sunanta, kuma da me aka yi ta, da roba ko da fatar mutum ko ta alade? Mata nawa ka sa wa, nawa suka dawo da ciwo? Za a iya aikin ba tare da ita ba? Ki sa a rubuta miki sunan kayan da lambarsa ki adana tare da takardun asibiti, don ranar ciwo ko ranar kotu su ne shaidarki.

Likita, idan waɗannan tambayoyi sun ɓata maka rai, ajiye wuƙar. Ƙirjin nata ne, kuma ita za ta kwana da shi bayan ka wanke hannu ka tafi gida.