Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Jama'a, a kasa kunne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma kimanin miliyan 25 kaɗai suka fito. Wato kusan uku cikin huɗu sun yi zamansu a gida. In ka tambayi manomi ko mai awo a kasuwa dalili, sai ya ce maka, "Ai 'yan siyasa duk kanwar ja ce."

To, wa zai ga laifinsu? A 1999 Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya sauka saboda takardar makaranta ta jabu. A 2012 aka ba Faruk Lawan shugabancin kwamitin binciken kuɗin tallafin mai, a 2021 kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hancin dala 500,000. A 2018 Sanata Shehu Sani ya tona cewa kowane sanata na karɓar Naira miliyan 13 da rabi duk wata da sunan kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi.

Ga kuma wadda ta fi ciwo. A 2016 Abdulmumin Jibrin ya yi zargin an yi cushe a kasafin kuɗi, majalisa ta dakatar da shi zama 180. A 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi irin wannan zargi, shi ma aka dakatar da shi. Ko gaskiya suka faɗa, ko ƙarya, waɗanda ake zargi su ne suka zauna suka yanke hukunci. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Saboda haka muke neman a ɗaure 'yan majalisa da doka, kan abu huɗu.

Na ɗaya, dukiya. Yanzu ɗan majalisa kan rubuta abin da ya mallaka ya miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, a kulle a ofis. A fito da takardar, a karanta a rediyo, ranar shigarsa da ranar fitarsa.

Na biyu, albashi da alawus. A buga su, kwabo da kwabo.

Na uku, ƙuri'a a zauren majalisa. Yawanci da murya ake yi, wasu su ce i, wasu su ce a'a, a buga guduma. A rubuta sunan kowa da ɓangaren da ya bi.

Na huɗu, in an zargi ɗan majalisa, wasu daga waje su bincike shi, ba abokan cin tuwonsa ba.

Wani zai ce ai akwai kiranye. Akwai, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, kuma tun 1999 ba a taɓa cire ko mutum ɗaya ta wannan hanya ba. Rigakafi ya fi magani.

Mu ma talakawa da namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayi ƙuri'arka da taliya da sabulu, zai fanshe kuɗinsa daga kuɗin taki da na asibitin garinku. Wanda kuma ya yi fushi ya zauna gida, ya rage wa mai saye tsada ne kawai.

Don haka duk ɗan takarar da ya shigo garinku, har da namu, ku tsayar da shi a gaban dattawa. Ku karanta masa abubuwan nan huɗu, ya amsa da bakinsa, ya sa hannu, a ba malamin makaranta ajiyar takardar. In ya fara kame-kame, kun san inda ya dosa.

Ranar zaɓe, maza da mata, a fito da kati. Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.