Makaho Da Makullin Wayarsa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaho mai riƙe da wayar zamani, irin wadda ake shafawa, ya san cewa wayar tana yi masa magana. In ya ɗora yatsa a kan gilashi, murya ta faɗa masa abin da ke ƙarƙashin yatsan. In ya ƙwanƙwasa sau biyu, abin ya buɗe. A wayoyin Android, wato su Tecno da Infinix da Samsung, sunan muryar nan TalkBack, a iPhone kuwa VoiceOver, kuma dukansu biyu sun fito tun 2009. To, amma akwai wurin da muryar ta fi ba da kunya, shi ne bakin ƙofa, lokacin buɗe makullin wayar.

A ɗauki lambar sirri. An tsara TalkBack ta yadda ba za ta furta abin da ake bugawa na sirri ba sai an sa abin sauraro a kunne, sai dai in mai wayar ya sauya tsarin. In ya sauya, ga shi a cikin danfo tsakanin Agege da Oshodi, duk wanda ke kusa ya ji lambarsa ɗaya bayan ɗaya. In bai sauya ba, ya shiga lalube. Ya kuskure sau da yawa kuwa, wayar ta ƙi yarda ya sake gwadawa sai ya jira, har ma a iPhone akwai tsarin da in an kunna shi, kuskure 10 ya isa ya goge duk abin da ke ciki. Makullin zane tsakanin ɗigo tara kuwa ba a ma maganarsa, wannan don masu ido aka yi shi.

Da aka fara sa na'urar zanen yatsa, kamar a iPhone 5s a 2013, makafi sun sami sauƙi, domin kuwa wuri ne da hannu ke iya ji, ko maɓalli a gaba, ko ɗan rami a bayan waya. Sai ga shi kamfanoni da yawa sun mayar da ita ƙarƙashin gilashi don ado, inda babu tudu babu kwari, sai wani haske da mai ido kaɗai ke gani. Buɗewa da fuska ma da tata matsalar. Face ID da Apple ya kawo a 2017 yana bukatar mutum ya buɗe ido ya dubi wayar. Ana kashe wannan sharaɗi saboda makafi, amma da an kashe shi, kowa na iya ɗaga wayar ya nuna wa fuskar mai ita ta buɗe, shi bai sani ba. Bugu da ƙari, duk lokacin da waya ta mutu aka sake kunna ta, ba ta karɓar yatsa ko fuska sai an buga lamba. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa kullum, wannan ba abin sau ɗaya a wata ba ne.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Ko dai makaho ya ba ɗan jagoransa lambar, ko ya ce a cire makullin gaba ɗaya. Alhali kuwa tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuɗin mutane da yawa ya koma cikin waya, kuma ta nan ake aika wa iyali a Kano ko Sakkwato. Waya marar makulli asusu ne a buɗe.

Laifin farko na kamfanoni ne, waɗanda ya kamata su ba makafi wayar su gwada kafin ta shiga kasuwa. Nijeriya tana da dokar hana nuna bambanci ga nakasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar nakasassu da aka kafa a 2020. Ya kamata hukumar ta sa baki a kan irin wayoyin da ake shigowa da su.

Kafin nan, ragowar aikin yana hannun ’yan'uwa. Mai zuwa Computer Village a Ikeja saya wa makaho waya, ya nemi mai na'urar yatsa a gefe ko a baya, ya haɗa da abin sauraro na kunne. A nuna masa cewa a yawancin wayoyin Android, in an saita, danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa 3 yana tayar da muryar in ta yi shiru. Sa'an nan in an zo sa lamba, mai shago da mai rakiya su ja da baya, ya buga abinsa da kansa.