Tafiyar Ƙwallon Lambu ta Shekara-Shekara

  Cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ta wata uwargida da ta nemi a sakaya sunanta. Tana tambayar abin da zai sa magidanta masu furfura su bar iyalinsu kwana huɗu ko biyar kowace shekara, su ƙetare iyaka, don kawai su bi wata ƴar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza girma ba. Ta ce maigidanta ya shiga wannan sahu, ita kuwa tana tsoron kada abin ya zama almubazzaranci, ko ya kai ga caca. Tambayar ta zo inda ya dace, domin mu ma muna cikin waɗanda ake tuhuma. Mu 12 ne, abokai tun na makaranta da na wurin aiki, kuma kowane hunturu mukan haɗa kaya mu tafi gasar sada zumunta ta wasan golf, wanda gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu.

Ga wanda bai san wasan ba, fili ne mai faɗi da aka shirya wa ramuka 18, kowanne faɗin bakinsa bai cika santimita 11 ba. Ɗan wasa yakan bugi ƙwallo da sanda daga mafari har ya zura ta cikin rami, ana ƙirga kowane bugu, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Ba a yarda mutum ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba, zagaye ɗaya kuwa yakan ci wajen awa 4 ana tafiya a ƙafa. Asalin wasan daga Sikotland ne. Uwargida ta kwantar da hankalinta, ba ita ta fara ƙorafi a kansa ba: a shekarar 1457, zamanin Sarki James na II, majalisar ƙasar ta haramta shi saboda ya ɗauke hankalin maza daga koyon harbin kibiya. Haramcin bai yi tasiri ba, har a 1744 aka rubuta ƙa'idojinsa na farko guda 13 a Leith, kusa da Edinbara.

Sunan nan na ƙwallon lambu yakan ba mu dariya, domin filin da muka koyi wasan, wato Rio Bravo da ke kan hanyar Tillaberi daga Yamai, ba nisa da kogin Isa, babu lambu a cikinsa ko na magani. Rairayi ne da tsakuwa da ƙaya. Kowa yana yawo da ƴar tabarmar ciyawar roba, inda ƙwallonsa ta faɗi sai ya shimfiɗa, ya ɗora ta, ya buga. Kewayen rami kuwa yashi ne da aka gauraya da mai aka daddaɓe, sai an share an daidaita kafin a gangara ƙwallo. Wanda ya saba da wannan, ranar da ya taka ciyawa ta gaske a filin IBB na Abuja, sai ka ga yana tafiya a hankali kamar baƙon da aka shigar ɗakin amarya. Mun je Kano, mun je Kaduna, amma inda muka fi komawa shi ne Jos, a filin Rayfield wanda aka kafa a 1913, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma ake ɗaukarsa mafi tsufa a Najeriya. Garin yana bisa tudun da ya kai mita 1,200, sanyin safiyarsa yakan sa mutumin Yamai ya nemi rigar da bai taɓa sawa a gida ba.

Sai dai da ciyawa da sanyi kaɗai muke nema, da tafiyar ba ta wuce shekara uku ba. A cikinmu akwai attajiri mai manyan motoci, akwai likita, akwai tsohon ma'aikacin duwan, akwai mai gareji, akwai malamin makarantar da ya yi ritaya yana jiran fansho duk bayan wata. A gari kowa ya san wanda ake zuwa gaisarwa da wanda ke zuwa gaisuwa. A wasan ma bambancin bai ɓuya ba: wani yakan gama ramuka 18 da bugu 78, wani sai ya haura 100. Abokai irin waɗannan, in ba a yi dabara ba, shekaru ne za su raba su ba tare da an yi faɗa ba. Mai shi zai gaji da jan marar shi, marar shi kuma zai fara neman uzuri.

Dabarar farko tana cikin wasan kansa, ita ce abin da Turawa ke kira handikaf, mu kuma muke ce masa rangwame. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, 3 ko 4 ko 5, jimillarsu a yawancin filaye wajen 72. Wanda ya saba gamawa da bugu 90 ke nan ya haura da 18, don haka sai a yafe masa kusan bugu ɗaya a kowane rami. Wanda rangwamensa 6 ne, a ramuka shida mafi wuya kaɗai ake yafe masa, domin an jera ramukan daga na 1 zuwa na 18 bisa wahalarsu. Da haka malamin makaranta mai ciwon gwiwa zai iya doke likitan da ke atisaye sau uku a mako, muddin ranar ya fi yadda ya saba. Kowa da jiyansa yake gasa, kafin ya yi da abokinsa.

A rana ta farko mukan yi lissafi da tsarin maki na wani likita mai suna Frank Stableford, wanda aka fara gasa da shi a Wallasey ta Ingila a 1932. In ka cika adadin ramin bayan an cire rangwamenka, maki 2. In ka rage bugu ɗaya, maki 3. In ka ƙara ɗaya, maki 1. In ka wuce haka, ba ka da komai, sai ka ɗauki ƙwallonka ka bi jama'a. Alherin wannan tsari shi ne rami ɗaya da ya ɓaci ba ya ɓata wa mutum yini. Mun sha ganin wanda ƙwallonsa ta shige ƙaya sau uku a rami na 2, amma da yamma shi ne kan gaba.

To amma rangwame yana tsaye ne bisa amana, nan kuma ne hadarin yake. Babu alƙalin da ke bin ɗan wasa. Shi yake faɗin bugunsa, abokin tafiyarsa ya rubuta a kati ya sa hannu. Tun daga 2020 aka haɗa tsarin rangwame ya zama ɗaya a duniya, ana duba wasanni 20 na ƙarshe a ɗauki 8 mafi kyau. Mu dai malaminmu ne ke riƙe da littafin, da jan biro kamar yadda ya saba da ɗalibai. Mai son zuciya yana iya kawo katunan ranakun da ya yi rashin sa'a kaɗai, rangwamensa ya kumbura, ranar gasa ya zo ya share kowa. Ko kuma ya tura ƙwallo da ƙafa daga gindin ƙaya lokacin da ba mai kallo. Ba wanda zai kama shi, amma kowa zai sani, kuma daga ranar ko bashi ya nema sai an yi tunani. Masu wasan nan har yau suna ba da labarin Bobby Jones, wanda a gasar Amurka ta 1925 a Worcester ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa lokacin da yake shirin bugu. Ba wanda ya tabbatar da hakan sai shi, duk da haka ya ci kansa tarar bugu ɗaya. Gasar ta ƙare kunnen doki tsakaninsa da Willie Macfarlane, aka sake karawa, ya sha kaye da bugu ɗaya tak.

Batun caca da uwargida ta ambata gaskiya ne, kada wani maigida ya ce mata babu shi. A filaye da yawa al'ada ce a ɗora ɗan kuɗi a kan rami, a ce don wasa ya yi armashi. Wata shekara biyu daga cikinmu suka shigo da wannan, jaka ɗaya a kowane rami, suna cewa ai kuɗin shayi ne. Kafin rami na 14 an fara gardama a kan ko ƙwallo ta taɓa layi, har an kai ga tono wani tsohon bashi da ba shi da alaƙa da wasa. A mota kan hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan daga Kano har Maraɗi. Dattijonmu, wanda muke kira Yaya ko da yake shekara biyu kaɗai ya ba mafi yawanmu, shi ya yanke hukunci da daren nan. Ya ce abin da malamai suka karantar da mu a fili yake: in kowa ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, caca ce, ƙanƙantarta ba ta canja mata suna, kuma haramcinta yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90. Tun daga lokacin kyautarmu kofi ne ɗaya na tagulla da wani daga waje ya ba mu, wanda ya ci ya ajiye shi shekara guda ya dawo da shi. Akwai kuma wata tsohuwar hular kaba da ake ɗora wa wanda ya zo na ƙarshe, dole ya sa ta har iyaka. An fi tsoron hular fiye da yadda ake son kofin.

Rana ta biyu mukan rabu gida biyu, shida-shida, irin tsarin Kofin Ryder da aka fara a 1927, wanda yau ake yi tsakanin Amurka da Turai. Cikin wasanninsa akwai wanda mutum biyu ke raba ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya buga. Inda abokinka ya jefa ka, daga nan za ka tashi, ko rami ne ko ƙaya. Yaya ne ke haɗa mutane, kuma mun lura cewa duk biyun da suka sami saɓani cikin shekara sai a iske sunayensu a layi ɗaya. Ba ya bayani, mu ma ba ma tambaya. Awa huɗu kana gyara ɓarnar mutum yana gyara taka, da wuya ku iso rami na 18 ba ku yi dariya ba.

A irin wannan karawa an yarda mutum ya yafe wa abokin hamayyarsa bugun ƙarshe in ƙwallo ta yi kusa da rami. A Kofin Ryder na 1969 a Royal Birkdale, a ramin ƙarshe na wasan ƙarshe, Jack Nicklaus ya yafe wa Tony Jacklin irin wannan ɗan bugu, don kada ya kuskure a gaban mutanen ƙasarsa, gasar ta tashi 16 da 16. Shugaban ƴan wasan Amurka na lokacin bai ji daɗi ba. Mu a wajenmu wanda ya ƙi yafe bugun da bai fi taki ɗaya ba yakan sha tsiya har shekara ta zagayo. A 2025 aka fara biyan ƴan wasan Amurka kuɗi don shiga wannan kofi, dalar Amurka 500,000 kowanne, 300,000 daga ciki na ayyukan jinƙai. Turawan da ba a biya ba su suka ci, 15 da 13. Mai garejinmu ya yi mako guda yana maimaita wannan labari.

Dabara ta biyu ita ce asusu, kuma ita ta fi shafar gida. Ba ma tashi rana ɗaya mu nemi kuɗin tafiya. Duk wata kowa yana zuba abin da ya ɗaukar wa kansa a farkon shekara, ma'aji kaɗai ya san na kowa. Mota ɗaya ake shiga, masauki ɗaya, tukunya ɗaya. Attajirinmu da zai iya kwana a babban otal yana raba ɗaki da malami, yana kuma jure munsharinsa. Shekarar da kasuwa ta juya wa ɗaya daga cikinmu baya, ya fara cewa ƙafa ke damunsa, ma'aji ya je gidansa da dare ya ce masa an riga an biya kujerarsa, in ya ƙi zuwa asarar jama'a ya jawo. Har yau bai san wanda ya cike gurbin ba. Akwai kuma sharaɗin da Yaya ya kafa tun farko: ba mai shiga mota sai ya biya kuɗin makarantar yara, ya bar cefanen kwanakin a hannun uwargida, kuma ta san ranar tafiya da ta dawowa tun da wuri. An taɓa mayar da mutum daga tasha a kan wannan. Uwargidan da ta rubuto mana tana da haƙƙin ta tambayi maigidanta ko ƙungiyarsu tana da irin wannan sharaɗi, ta kuma tambaye shi, cikin ladabi da fara'a, me wanda ya ci gasar yake tafiya da shi gida.

Da farko mu 13 ne. Wanda Allah Ya yi wa rasuwa, Allah Ya jiƙansa, ba mu cire sunansa daga littafin asusu ba. Rabonsa yana tafiya ga iyalinsa kafin buɗe makarantu. Babban ɗansa ya fara bin mu yana ɗaukar jakar sandunan mahaifinsa, yanzu da su yake wasa, kuma malam ya riga ya rage masa rangwame sau biyu.

Ba kowace shekara ake samun tafiya yadda aka so ba. A 2020 annobar korona ta tsare kowa a gida. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 iyakar Nijar da Najeriya tana rufe, sai muka yi gasar a kan rairayinmu, kowa da tabarmarsa, muka kwana a gidan gonar ɗayanmu don dai a ce an bar gari. Yanayin tsaron hanya ma yakan sa a sauya wuri ko a bi ta inda ya fi nisa, ba ma kuma tafiyar dare. Yanzu da watan azumi yake matsowa cikin hunturu, yana ja baya da wajen kwana 11 kowace shekara, mun mayar da tafiyar ƙarshen Disamba, lokacin hutun makarantu. Hakan ya sa samari uku daga gidajenmu suka nemi a ba su kujera, Yaya ya ce sai malam ya ga katunansu biyar-biyar kafin a yi maganar.